Ƙungiyar 'Yan Fata Ta Landan Da Kuɗin Hayarta: Kyauta Tana Riƙe Sana'a Kuwa?

Bazazzagi a Northampton:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kukan da Alhaji Baduku ya yi shekaranjiya, cewa yara sun daina zama gaban masu gida su koyi aiki, shi ya sa na ce bari in kawo muku labarin wata ƙungiya ta nan Ingila ku auna.

Sunanta Leathersellers, ƙungiyar 'yan fata ta birnin Landan. Sarki Henry na 6 ya ba ta takardar izini a 1444, amma tun kafin nan tana nan. Aikinta na asali sa ido a kasuwa. Shugabanninta suna da ikon shiga rumfa su duba kaya, in sun kama mai sayar da fatar tunkiya da sunan ta barewa, su ƙwace su ci shi tara. Wannan iko ya daɗe da mutuwa. Abin da bai mutu ba shi ne fili. A 1543, bayan Henry na 8 ya rufe gidajen zuhudu, suka sayi wani tsohon gidan mata masu zuhudu da ake kira St Helen's a Bishopsgate. Yau wurin yana tsakiyar unguwar bankuna, ko'ina benayen ofisoshi. Hayar da suke karɓa da ribar jarin da suka zuba, da ita suke kyauta.

A ɓangaren sana'a, sun gina kwalejin koyar da jima a Bermondsey a 1909, lokacin nan ce unguwar majeman Landan. A ƙarshen shekarun 1970 aka dawo da ita nan Northampton, garin takalma. Suna biya wa ɗalibai kuɗin karatu, suna taimaka wa matasan dukawa da wurin aiki kafin su tsaya da ƙafarsu, suna tallafa wa masu gyaran tsofaffin kayan fata na tarihi. Tambayata: me ya hana mu irin wannan?

Alhaji Baduku, Ƙofar Wambai:
Wa alaikumus salam Injiniya. Tsaya in fahimta. Kana nufin ba karo-karo suke yi duk mako ba? Haya kawai?

Bazazzagi a Northampton:
Ƙananan ƙungiyoyin suna karo-karo, Alhaji, don irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 110 a Landan, kuma da yawansu ba su da ko ɗakin taro na kansu. Amma manyan, ƙarfinsu dukiyar da mamata suka bari ce. Mutum zai yi wasiyya: ga gidana, a riƙa karɓar haya ana ciyar da tsofaffin 'yan sana'armu, ana ɗaukar yaro ɗaya koyo. Ya mutu, 'ya'yansa su mutu, gidan na nan yana aiki.

Alhaji Baduku, Ƙofar Wambai:
To ai ka ga inda muka rabu. Mu ma muna da asusu, kada wani ya ɗauka ba mu da zumunci. Duk Alhamis yaro yana zagayawa da littafi. Amma ina kuɗin ke tafiya? An yi wa wane haihuwa, a kai gudummawa. Matar wane tana asibiti. Wane ya rasu, a sayi likkafani a kai wa iyali buhun masara. An kama yaron wane, a je beli. Kafin azumi ya kama asusu ya koma fanko. Tun da nake ban taɓa ganin an cire ko sisi an ce wannan na koyar da yaro yanka da ɗinki ba ne. Ba a ma taɓa kawo shawarar ba.

Lauyan Talakawa:
Ni fa kafin a fara tafi, a faɗi ɗaya ɓangaren. Waɗannan ƙungiyoyi na Landan, Turawan da kansu sun daɗe suna yi musu kallon majalisar cin abinci ta masu kuɗi. A ƙarni na 19 surutu ya yi yawa cewa dukiyar da aka bari don sana'a da talakawa ta koma walima da giya, har gwamnati ta kafa hukumar bincike a 1880, ta yi shekara huɗu tana tone-tone. Ku duba lissafin shekarun. A 1878, ana tsakiyar wannan surutu, ƙungiyoyi 16 da hukumar birnin suka haɗu suka kafa City and Guilds don koyar da sana'o'i. Kwalejin da Injiniya yake yabo ta zo bayan nan. Wato sai da suka hango za a iya ƙwace dukiyar sannan suka tuna da sana'a. Tsoro ne ya buɗe lalitar, ba tausayin majemi ba.

Na biyu, Injiniya ka gaya wa mutane gaskiya: cikin abin da 'yan fatar nan ke bayarwa a shekara, nawa ke zuwa ga fata? Mafi yawa makarantun boko ne na kudu maso gabashin Landan irin su Colfe's, da gidan tsofaffi a Barnet, da ƙungiyoyin agaji da ba ruwansu da jima.

Bazazzagi a Northampton:
Barista, haka ne, kason fata shi ne ƙarami. Dalilinsa biyu. Wasu kuɗin an ɗaure su da wasiyya. Abraham Colfe limamin coci ne, ya mutu a 1657 ya bar musu amanar makarantarsa, ba su da ikon juya wannan kuɗi zuwa wani wuri. Na biyu kuma yadda ake shiga ƙungiyar. Hanya uku ce tun da: ka yi koyo a hannun ɗan ƙungiya, ko ka biya kuɗi, ko ka gada daga mahaifi. Wannan ta gadon ita ta canza komai. Ɗan mai fata ya zama lauya, jikansa ya zama ma'aikacin banki, duk suna ciki. Bayan ƙarni biyar sai ka tarar da yawan masu zama a teburin ba su taɓa riƙe ɗanyar fata ba.

Amma batun tsoro, ni bai dame ni ba. Yaron da aka biya wa kuɗin makaranta bai tambayi abin da ke zuciyar mai biya ba.

Tsohon Malamin Fasaha:
Ku gafarce ni in sa baki. Wannan City and Guilds da Barista ya ambata, mu nan muka ci moriyarta. A zamaninmu wanda ya fito makarantar koyon sana'a da takardarta, kafinta ne ko mai gyaran lantarki ko makaniki, ba ya yawon neman aiki, masaƙun Kaduna da hukumar jirgin ƙasa suna jiransa. Ban taɓa sanin daga aljihun ƙungiyoyin 'yan sana'a ta fito ba sai yau. In tsoro ne ya haife ta, to Allah ya ƙara wa masu kuɗinmu irin wannan tsoro.

Maman Hanifa Mai Jaka:
Amin Baba. 😂

Amma Injiniya ina da tambaya. Wani ɗan'uwanmu da ya gama makarantar fata ta Samaru ya so ya zo nan wajenku ƙaro karatu, aka ce masa an daina ɗauka. Gaskiya ne?

Bazazzagi a Northampton:
Gaskiya ne Hajiya, kuma nan ne labarin yake da ɗaci. A ƙarshen 2023 jami'ar Northampton ta sanar za ta rufe sashen fatar. Ɗalibai sun yi ƙaranci, riƙe majema cikin jami'a da injunanta da maganin ruwanta kuma akwai tsada. Wuri ne da mutane daga Indiya, Habasha, Kenya, har da namu na Najeriya suka zo suka koyi aiki. A shekarar dai kamfanin Pittards na Yeovil ya durƙushe, wanda tun 1826 yake jimar fatar safar hannu. Masu jima da ɓawon itacen oak kuwa, irin jimar da ke cin sama da shekara guda kafin kirgi ya nuna, gida ɗaya ya rage a duk Birtaniya, a wani ƙauye Colyton.

Maman Hanifa Mai Jaka:
To ka gani. Shekara sama da ɗari ana zuba kuɗi, ƙarshe an kulle ƙofa. Ni 'yar kasuwa ce, abin da na sani shi ne mai saye. Ina ajiye jakar fata ta gaske, ɗinkin hannu, kusa da ta roba 'yar Chana mai sheƙi. Mace za ta ɗauki tawa ta shinshina ta ce kai wannan fata ce, ta tambayi kuɗi, ta ajiye a hankali, ta biya ta robar. Ta san wata uku za ta fara ɓarewa, amma ita ce daidai aljihunta. Ko kun koyar da yara dubu, in ba mai saye, Keke Napep za su koma. Kyauta ba ta ƙirƙiro kasuwa.

Lauyan Talakawa:
Hajiya ta gama magana.

Jikan Baba Majemi:
Salamu alaikum. Na karanta wa Baba abin da ake ta yi, ya ce in rubuta masa amsa. Ga ta yadda ya faɗa:

"Ku gaya wa yaron nan na Ingila ina gaishe shi, Allah ya yi masa albarka. Ku gaya wa Hajiya maganarta gaskiya ce amma rabinta ta faɗa. Kasuwa tana tafiya tana dawowa. Na ga lokacin da ba ma iya cika odar Larabawa da 'yan Legas, na ga lokacin da muka wuni ba ciniki, na ga ta sake motsawa. Abin da ba ya dawowa shi ne hannu. Jima ba a takarda take ba. Za ka jiƙa fata, ka sa ta a toka da kabayit gashi ya saki, ka kankare, ka sa ta a kashin tantabara ta yi laushi. To yaushe za ka cire ta? In ka yi gaggawa ta yi tauri, in ka bar ta ta wuce ta ruɓe. Da ɗan yatsa ake ganewa, ka danna ka ga yadda wurin ya koma. Haka ruwan bagaruwa, da harshe muke ɗanɗana ƙarfinsa. Haka karan dafi, in kanwa ta yi yawa jan ya mutu ya koma kamar hanta. Wanda ya san wannan in ya mutu bai koya wa kowa ba, ko kasuwa ta dawo da kuɗi buhu-buhu ba wanda zai yi aikin.

"Kuma a daina cewa yara sun lalace. Da can yaro yana gidanka, tuwonka yake ci, kai kake masa kayan sallah, kai za ka yi masa aure. Yau ni kaina da ƙyar nake cika tukunyar gidana. In na ɗauki yaro, shekarar farko asara ce zalla, fata nawa zai huda min da wuƙa kafin hannunsa ya faɗa? Wa zai biya? Shi ma uwarsa tana jiran ya kawo na cefane da yamma. In akwai mai son taimakon sana'a, ya biya abincin yaron, ya biya fatar da zai ɓata. Sauran aikin namu ne."

Alhaji Baduku, Ƙofar Wambai:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wallahi abin da ke raina ke nan na kasa faɗa. Ko a wajenmu haka ne. Yaro sai ya lalata fata da yawa kafin ya iya yanka fuskar takalmi biyu su fito daidai.

Ɗan Gayu 09:
Ni dai a ganina duk wannan dogon turanci ne. Ku hana cin ganda kawai, fata ta wadata. 😅

Maman Hanifa Mai Jaka:
Kai yaro, a bar mana gandarmu. Ai kirgin saniya ake babbakewa, mu kuwa aikinmu yawanci na akuya da tunkiya ne.

Bazazzagi a Northampton:
Ganda tana taɓa masu tafin takalmi da sirdi, amma matsalar fatar akuya daban ce: manyan majemun Challawa da Sharaɗa suna kwashe mai kyau su fitar da ita Italiya da Sifen, mai ƙaramin jari ya samu ragowa. Ga ɓarnar wuƙar fiɗa, ga ƙazuwa, ga rashin gishiri a kan lokaci. Wannan zance ne na wata rana.

Mai Kula Da Zaure:
Don Allah a bar ganda a tukunya, a koma kan asusu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu. Jar akuyar da ake yabon fatarta, wadda kuke ce ma ta Sakkwato, mu muna ce mata ta Maraɗi, duk abu guda ne. Masu ɗaurin littafi na Ingila sun daɗe suna nemanta, Injiniya zai shaida.

Abin da ni ke so in ƙara shi ne mu nan mun ga irin taimakon da ke zuwa daga waje. A Yamai akwai ƙauyen masu sana'a na Wadata, an samu tallafin Luksambur, an yi gini, an horar da mutane, dukawa sun amfana ƙwarai, ba a musu. Amma kowane furoje, wato aikin tallafi, yana da ranar ƙarewa. Shekara ukku, shekara biyar, a rubuta rahoto, motoci su tafi. In inji ya lalace bayan nan, sai a rufe shi da buhu. Abin da ya burge ni ga labarin Landan ba yawan kuɗin ba ne, a'a, kuɗin ba su da ranar tafiya. Ko an rufe waccan makaranta, hayar bana za ta shigo, ta baɗi za ta shigo, suna iya sake dabara. Mu in an rufe, an rufe ke nan.

Bazazzagi a Northampton:
Na shaida, Malam. Har yanzu akwai masu jima a wannan yanki da suka yi suna da fatar akuyar da aka jeme da bagaruwa a ƙasarmu, su sake gyara ta su rina don bangon littafi.

Kuma maganarka ta tuna min da maƙeran zinariya, Goldsmiths. Wata bazawara mai suna Agas Harding, matar wani maƙeri, ta bar musu fili a 1514. Daga amfanin wannan fili aka samu kuɗin gina cibiyar koyar da ƙira da suka buɗe a Clerkenwell a 2012, fam miliyan 17.5. Shekara kusan ɗari biyar tsakanin wasiyya da gini.

Amma ga abin da na lura, kuma shi ne amsata ga Barista da Hajiya. Maƙeran zinariya ba su taɓa sakin aikinsu ba. Har gobe su ke gwada zinariya da azurfa a Landan su buga hatimi, kuma doka ta hana sayar da kaya da sunan zinariya ba hatimi in ya wuce wani ɗan nauyi. Masu yi wa doki takalmin ƙarfe, tun dokar 1975 ba ka sa wa doki takalmi da sunan sana'a sai da rajista, ƙungiyarsu kuma ita ta daɗe tana tsara jarrabawar. Irin waɗannan kullum suna cikin 'yan sana'a, sun san wane maigida ne ke neman yaro, wane yaro ne ke da hannu. Kuɗinsu yana sauka inda ya dace. 'Yan fata kuwa ikon dubawa ya kuɓuce musu, sana'ar ta bar Landan, sai suka zama masu ba da kuɗi daga nesa, suka damƙa koyarwar a hannun jami'a. Ranar da jami'a ta yi lissafinta ta ga ba riba, ba su da ta cewa.

Mu namu a juye yake. Masu sana'ar suna nan da ransu, Baba yana nan, Alhaji yana nan, ba sai an nemo su ba. Dukiyar da ba ta mutuwa ce babu.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na yi shiru ne ina saurare. Abin da ake ta kwatance da Landan, ai shi ne wakafi, hubusi, kuma muna da shi tun kafin su. Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka ce masa in ya so ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. A daular Usmaniyya ta Turkiyya 'yan sana'a suna da akwatin ƙungiya da wakafai na kansu, ana ba sabon maigida jari daga ciki.

Mu a nan mun taƙaita wakafi ga masallaci da maƙabarta da rijiya. Duk alheri ne. Amma unguwa guda masallatai biyar, kowanne sahu biyu, ga majemi zai mutu da iliminsa. Mai kuɗi ya tsayar da shago biyu a ce hayarsu ta yaran da ke koyon jima da dukanci ce, wannan sadaka ce mai gudana, babu malamin da zai ce a'a. A mazhabarmu ta Malikiyya ma akwai sauƙi, ana iya yin hubusi na wani adadin shekaru, ba dole sai na har abada ba. Wanda ke tsoron 'ya'yansa su rasa, ya yi na shekara goma ya gani.

Alhaji Baduku, Ƙofar Wambai:
Allah ya gafarta Malam, zakka fa? Akwai dilolin fata da ke fitar da zakka mai kauri duk shekara. Ba za a iya tarawa a sayi shagon da ita ba?

Malam Na Zaure:
A'a Alhaji, kada a haɗa su. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma mallaka ake yi wa mai karɓa, ba a mayar da ita ginin ƙungiya. Abin da za a iya shi ne, yaron da ya gama koyo in matalauci ne, a ba shi zakka mai yawan da zai sayi kayan aiki ya zauna da kansa. Malaman Shafi'iyya sun yi bayanin wannan a fili, cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan sana'arsa. Ya fi a raba wa mutum ɗari kuɗin da ba zai kai su jibi ba. Shago kuwa daga sadakar ganin dama zai fito.

Lauyan Talakawa:
Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ni inda nake jin tsoro ba fiƙihu ba ne, amana ce. Na taɓa riƙe shari'ar wata ƙungiyar 'yan sana'a, ba zan faɗi gari ba. Sun yi shekaru suna tara kuɗi suka sayi fili, aka rubuta takarda da sunan shugaba saboda an yarda da shi, mutumin kirki ne kuwa. Ya rasu. 'Ya'yansa suka ce gado ne, takarda kuma tana bayansu. Dattawan da suka san yadda aka yi, biyu sun rasu, ɗaya ya rikice. Haka aka rasa filin.

Abin da ya tsare dukiyar 'yan Landan ba wai sun fi mu tsoron Allah ba ne. Waccan takarda ta 1444 ita ta mayar da ƙungiyar kamar mutum guda a idon doka, tana mallaka da sunanta, tana ƙara ana ƙararta, shugaba ya mutu ba abin da ya shafi fili. Kuma shugabancin shekara guda ne, ka sauka wani ya hau. Ɓangaren sadakarsu kuma dole su miƙa lissafi ga hukuma duk shekara, kowa yana iya buɗewa a intanet ya karanta. In za ku yi, ku yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, takardar shago ta fito da sunan ƙungiya, a kuma rubuta wakafin a gaban hukumar zakka da hubusi ta jiha. In ba haka ba ni ba ruwana.

Maman Hanifa Mai Jaka:
Barista ka sauko ke nan? Ɗazu kai ne mai cewa walima da giya.

Lauyan Talakawa:
Ban sauko ba Hajiya. Har yanzu ina nan kan cewa in aka bar kujera ta zama gado, jikokin Alhaji za su zauna a ofis mai sanyi suna raba kuɗin fata ga abin da suka ga dama. A rubuta tun yau: ba mai zama amintacce sai wanda ke cin abinci da fata, kuma kaso kaza na haya ba ya fita daga koyarwa ko da wa ya mutu ko wa ya haihu.

Alhaji Baduku, Ƙofar Wambai:
Wannan ta ƙarshen za ta yi wuya. Ranar da ɗan ƙungiya ya kwanta asibiti aka ce akwai kuɗi a asusu amma na yara ne, ba za a taɓa ba, wallahi sai an yi baram-baram. Ku ba ku san mutanenmu ba.

Tsohon Malamin Fasaha:
Sai a yi littafi biyu, Alhaji. Na Alhamis ya ci gaba da aikinsa na zumunci. Na wakafi kuma ko mabuɗinsa kada ya kwana a kasuwa.

Ɗan Maraɗi:
Sarakunan sana'a fa? Mu nan in ba a sa Sarkin Dukawa a gaba ba, ba abin da ke tafiya.

Jikan Baba Majemi:
Baba ya ce a sa su, girmansu ne, kuma su suka san gidan da aka gaji aiki da gidan da aka shigo jiya. Amma ya ce a tuna aikin sarautar tun asali tattara kuɗin sana'a ne a kai fada da raba aikin Sarki, kamar yadda marina ke biyan kuɗin karofi. Ba a saba kuɗi ya gangaro daga sama zuwa ga yaro ba. Ya ce Sarki ya zama uba mai sa albarka da raba gardama, lissafi kuma a ba wanda za a iya tuhuma ba a ji kunya ba.

Ya kuma ce in tambayi Injiniya: su can maigidan ake ba kuɗin ko yaron?

Bazazzagi a Northampton:
Ka gaida Baba. Ya danganta da ƙungiya. Akwai mai ba ɗalibi kai tsaye, akwai mai tallafa wa maigida don ya iya riƙe yaro, kamar yadda ƙungiyar masu sirdi ke taimaka wa masu koyo da masu koyarwa. In ni ne a Kano, raba shi zan yi: na abinci a hannun yaro duk mako, na fatar da za a ɓata a hannun maigida, kuma kada a biya kashi na gaba sai wasu dattawa biyu da ba gidan ba sun duba aikin yaron da idonsu.

Maman Hanifa Mai Jaka:
Ni har yanzu ina kan bakata, in ba kasuwa wahala za ku koya musu. Amma zan yi abu guda. Duk yaron da dattawan suka ce hannunsa ya faɗa, zan ba shi odar jaka goma ta farko, in biya rabi kafin ya fara. Da sharaɗi: a koya musu gamawa. Bakin jaka a goge shi, zif ya zauna daidai, warin jima ya fita. Nan 'yan Chana suke cin mu, ba a fata ba. Kuma a sa 'yan mata a ciki, su ma suna ɗinki a cikin gida, ba wanda ke lissafa su.

Ɗan Gayu 09:
To wa zai ba da shagon? Duk an yi ta tsara yadda za a raba haya, shagon ma babu. 😂

Alhaji Baduku, Ƙofar Wambai:
Yaro ka yi tambaya. Akwai dilolin fata biyu da nake jin nauyinsu suna jin nawa, zan same su bayan Juma'a, in Malam zai raka ni don maganar hubusi ta fi daɗi a bakinsa. Barista, kai kuma ka rubuto mana abin da rajistar za ta ci da takardun da ake nema, in san abin da zan faɗa in sun tambaya.

Malam Na Zaure:
In sha Allahu zan zo. A ɗauke ni a ƙofar masallaci.

Lauyan Talakawa:
Zan turo gobe da dare. Amma ku fara daidaita sunayen amintattun tukuna, mutum uku ko biyar, kuma kada biyu su fito gida ɗaya.